Kallo ko gini? Sabuwar shiga na neman shawara

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata uku ke nan da na fara koyon zane. In na ajiye buta a gabana ina kallo, tana fitowa ba laifi. Amma da na ɗauke ta na ce bari in zana ta daga sama da ka, sai bakinta ya koma hancin giwa. Wani ya ce in bar kallo in koma akwati da silinda. Wanne zan kama?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ummi, kada ki saki ko ɗaya, kuma butar nan ta ishe ki. Ki zana ta sau biyu a zama ɗaya. Na farko da ido: miƙe hannu sosai, rufe ido ɗaya, ki auna tsayinta da fensir da babban yatsa, ki ga faɗinta sau nawa ya shiga ciki. Ki dubi ramin da ke tsakanin mariƙin da jikinta, ki zana ramin, ba mariƙin ba. Na biyu kuma ki juya mata baya, ki gina ta: ciki ƙwallo ne, wuya silinda, baki bututu da ya soki ƙwallon. Sai ki juyo ki kwatanta. Inda suka saɓa, nan aikin gobe yake.

Abba: Ni dai shafin koyon zane na Drawabox ne ya gyara min hannu. Darussan kyauta ne a intanet, da tawada ake yi, babu gogewa. Akwai wurin da za ki zana akwati 250.

Sadiya: Abba don Allah kada ka kore mana yarinya 😂 Ni a akwati na tamanin da wani abu na ajiye biro, na yi wata biyu ban taɓa takarda ba.

Abba: Anti Sadiya ai ke kika karya doka. Su da kansu sun ce rabin lokacinki ya tafi a zanen nishaɗi, ba atisaye ba.

Sadiya: Na ji, laifina ne. Amma Ummi, abin da ya dawo da ni littafin Betty Edwards ne na 1979, Drawing on the Right Side of the Brain. Tana sa mutum ya kifa hoto, kai ƙasa, ya kwafa a haka. Ranar da na gwada ne na gane ashe da ba abin da ke gabana nake zanawa ba, abin da na haddace ne, ido kamar kifi, hanci kamar lamba bakwai. Maganarta cewa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke taimakon zane ba sai kin gaskata ba, atisayen dai yana aiki.

Malam Bala: Gaskiya ne, sai dai kwafe kaɗai ba zai ba ta butar daga sama ba, kuma kukanta ke nan. In kin zo kan fuska ki nemi hanyar mai zane Andrew Loomis: ƙwallo, a yanke gefe biyu, a ja layin gira, sannan kashi uku, daga gashi zuwa gira, gira zuwa ƙasan hanci, hanci zuwa haɓa. Wani malamin zane, Proko, ya yi bayaninta a YouTube. Kawai ki riƙa gwada ta a kan mutanen gidanku, in ba haka ba kowa zai fito da fuska ɗaya kamar 'yan tagwaye.

Abba: A Daidaita Sahu ma akwati ne da ƙafa uku. In yana jiran fasinja, minti biyu ya isa.

Ummi: Na gode ƙwarai. Malam, bakin kofi kullum yana fito min da kusurwa biyu kamar ganye.

Malam Bala: Saboda rabi-rabi kike ja. Zagaye shi duka sau biyu daga kafaɗa, har da ɓangaren da ba a gani. Ki ɗaga kofin daidai idonki, bakin zai zama layi. Ki sauke shi a hankali ki ga yana buɗewa.

Ummi: To, bari in ɗauko butar kafin a tafi da ita alwala. Zan turo duka biyun bayan isha'i.