Kwafi uku na waƙar tauhidi sun saɓa, wanne zan ɗauka asali?

Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu kan yadda waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 suka koyar da sifofi ashirin wajibai ga Allah, bisa tsarin mazhabar aƙida ta Ash'ariyya. Babi na uku ya cije mini.

Kwafi uku gare ni na waƙa ɗaya. A baitin da ke bayanin ƙudura da irada (ikon Allah da nufinsa), biyu sun dace, na ukun ya sauya kalma guda, kuma sauyin ya taɓa ma'anar aƙidar kanta, shi ya sa na kasa kau da kai.

Na auna baitin da aruli (ilimin ma'aunin waƙa), duka karatun biyu sun hau kari, amsa-amon ma bai karye ba. Na duba ƙarshen rubutun, babu sunan mai kwafa balle shekara. Na haska takardun: duka tambarin da ke cikin jikinsu na jinjirin wata uku ne, irin takardar Italiya da aka daɗe ana shigowa da ita, don haka bai nuna wanda ya riga ba. Biyun da suka dace kuwa kuskuren wasali iri ɗaya suke yi, alamar ko ɗaya daga ɗaya aka kwafa, ko kuma duka daga tushe ɗaya suka fito.

Masana rubutun hannu, da wace hujja zan zaɓi kwafin asali a irin wannan hali?