Neman shawara: tsutsa na cinye min shinkafa a Dadin Kowa

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. FARO 44 nake nomawa a Dadin Kowa, rani da damina. Bana abin ya fi ƙarfina. Tsakiyar shukar ke bushewa, kana ja ta fito ba wuya, gindin a ruɓe. Wadda ta fitar da kai kuwa fari fat, ba ƙwaya. Na yi feshi, kamar ban yi ba. Da can ba ta kai haka ba. Me ya canza, kuma yaya zan yi?

Malamin gona, Gombe:
Wa alaikumus salam Malam. Tsaga karan da reza, za ka tarar da tsutsa kwance a ciki. Uwarta na sa ƙwai a ganye da dare, kuma da zarar tsutsar ta shige kara, maganin da ke zama a kan ganye ba ya kai mata. Jikin ƙwaro zafin gari yake bi, shi ya sa in zafi ya ƙaru ƙwai kan yi saurin ƙyanƙyashewa, su ninka haihuwa a kaka ɗaya. Ga ruwa ya rikice, wannan na dashe wancan na yanka, tsutsa ba ta rasa abinci. Riƙa duba ganye tun bayan dashe, ka yi feshi da yamma kafin ta shige. Kada ka yi don kawai maƙwabci ya yi, gizo-gizon da ke cinye maka ƙwarin za ka kashe.

Wani dattijo daga Hinna:
Ɗana, bayan yanka a kututture take fakewa. Kife shi, ka sake masa ruwa. Rage yuriya kuma, in ta yi yawa kara kan yi laushi. Ku zauna da maƙwabtanka ku dasa lokaci guda, kai kaɗai ba za ka iya ba.

Manomiya daga Jama'are:
Mu nan a shekara mai yawan ruwa da lumshi wani ƙaramin ƙuda ke damunmu, ganye ya naɗe kamar na albasa, ba ya fitar da kai. FARO 51 na jure masa. Ku cire shinkafar daji a bakin fadama, can yake kai rani.

Mai tambaya:
Na tsaga, ga tsutsar nan kuwa. Allah ya saka da alheri. Baba, gobe in sha Allahu zan yi wa maƙwabtana maganar dashe.