Kamfanin da ya kai ƙanena Saudiyya ya sallame shi kafin kwantiragi ya ƙare

Maman Ilham:
Salam jama'a, dan Allah a taimaka min da shawara. Ƙanena yana Riyad, kamfanin da ke ɗaukar leburori yana turawa wurare ne ya kai shi, kwantiragin shekara 2, ko shekara bai cika ba suka ce wai aiki ya ƙare ya haɗa kayansa, albashin wata biyu ma ba su ba shi ba, kuma fasfo ɗinsa na hannunsu. Yana da wani hakki kuwa?

Abu Sadiq Jidda:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yana da hakki sosai. Sashe na 77 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ce idan an kori mutum ba dalili, kuma kwantiragin bai faɗi diyya ba, a biya shi kuɗin watannin da suka rage, kuma kar ya gaza albashin wata 2. Tikitin komawa gida ma a kansu yake. Riƙe fasfo kuwa haramun ne a dokarsu. Ya kira 19911, ma'aikatar ƙwadago, ya shigar da ƙara, za a fara da sulhu, in kwanakin aiki 21 suka wuce ba a daidaita ba sai kotun ƙwadago.

Dan Maradi:
Amma fa kar ya sa hannu a kowace takarda da Larabci in bai gane ba, da yawa haka ake yi musu, sai ka ga ashe ya sa hannu ya karɓi komai nasa.

Maman Ilham:
Innalillahi, jiya suka kawo masa wata takarda, Allah ya sa bai sa ba. Bari in kira shi yanzu.

Abu Sadiq Jidda:
Ki ce ya buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago da ake rajistar kwantiragin ma'aikata, ya sauke kwantiragin a wayarsa, kuma ya sanar da ofishin jakadancinmu na Riyad.