Taƙaitawa: Faya-fayen Rege da 'Yan'uwa Suka Ce a Fara Tarawa

Jama'a, muhawara kan faya-fayen kiɗan rege da ya kamata sabon shiga ya fara tarawa ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Bob Marley kam babu musu. Mafi yawa sun zaɓi Exodus na 1977, wanda ya naɗa a Landan bayan harbin da aka yi masa a Kingston a Disambar 1976. Wasu suka ƙara Catch a Fire na 1973.

2. An rabu kan Legend na 1984. Wasu na ganin ya ishi sabon shiga. Wasu suka ce tsintar waƙoƙi ce kawai bayan rasuwarsa, kuma an fi ɗebo masu laushi. Ni ma nan na karkata.

3. Peter Tosh: Equal Rights na 1977 ya fi Legalize It samun ƙuri'a, saboda zafin kalamansa.

4. Masu son regen tushe (roots) sun nace kan faifan Marcus Garvey na Burning Spear, 1975, da Two Sevens Clash na Culture. Heart of the Congos na ƙungiyar The Congos, wanda furodusa Lee Perry ya shirya, mutum kaɗan suka ambata, amma da ƙarfi.

5. Kiɗan dub, wato regen da ake rage muryar mawaƙi a fito da ganga da bes, ya jawo gardama. Wani ya ce ba waƙa ba ce, gangar banza ce. Aka ce ya je ya saurari King Tubby, gwanin dub, tukuna.

6. Na Afirka: Prisoner na Lucky Dube, 1989, da Jerusalem na Alpha Blondy, 1986. Dattawanmu da suka taso da kaset suka ce laifi ne a manta da Majek Fashek.