Don Allah a taimaka, malamina ya dawo min da babin Kolumbas

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe. Mahaifiyata ta yi jinya wata biyu, a bakin gadonta na rubuta rabin babin nan a waya, ina yi ina yi mata fifita. Wayar ta faɗa ruwa, na sake daga farko. Jiya malamina ya ja jan biro a shafi uku ya rubuta "wa ya biya?" Babin kan tafiyar Kolumbas ta teku ne, wadda ta kai shi nahiyar Amurka. Ni na ce addini ne ya tura mutanen Sifen: Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifen, ta faɗi 2 ga Janairu 1492, a Agusta Kolumbas ya tashi, Sarauniya Isabella har kayan adonta ta jinginar. Litinin zan mayar. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Ƙanwata, cire maganar kayan adon nan, tatsuniya ce. Luwis de Santanhel, mai riƙe da lissafin gidan Sarki Fadinan, mijin Isabella, shi ya samo sama da marabedi (kuɗin Sifen na lokacin) miliyan 1. Jirage biyu kuma mutanen garin Palos aka ɗora wa a matsayin tara. Yarjejeniyar Santa Fe ta Afrilu 1492 ta ba Kolumbas ɗaya bisa goma na ribar. Kasuwanci ne, ki sake babin gaba ɗaya.

Maman Iman: Allah ya ba Mama lafiya. Nawa malamin wata huɗu ya riƙe min takarda, da na same shi ya ce bai san inda ya ajiye ba. Har yau abin na min ciwo. Ki rubuta abin da yake so kawai ki fita.

Malam na Zazzau: 'Yata, kar ki rushe. Ki fara da Fotugal. Sun ci garin Sabta da ke gaɓar arewacin Afirka a 1415, sun gina ganuwar Elmina a Ghana ta yau a 1482 don zinariyar da a da ayari ke ketare Sahara da ita. Amma Yarima Henri na Fotugal da dukiyar ƙungiyar addini, Rundunar Almasihu, ya riƙa tura jirage. Addini da kasuwanci a haɗe suke.

Ɗalibar Tarihi: Na gode. Amma Yaya Baban Khalifa, Kolumbas da kansa ya rubuta a Disamba 1492 cewa ribar a kashe ta wajen ƙwato Ƙudus. Ba zan jefar da aikin wata huɗu ba.

Baban Khalifa: Ya rubuta ne don Sarauniya za ta karanta. Dubi Majelan, wanda ya jagoranci jiragen Sifen zuwa tsibiran kayan ƙamshi a 1519, attajiri Kiristobal de Haro ya zuba kuɗi a jiragensa don kanumfari. Kotes, jagoran mayaƙan Sifen, bashi ya ci ya haɗa rundunar da ta ci Meziko, sarki ya karɓi humusi. Shekara 15 ina koyar da wannan.

Maman Iman: Ni dai na faɗa miki.

Ɗalibar Tarihi: Kayan adon ma a littafinmu na sakandare na gani. In na cire shi kaɗai na bar sauran, zai karɓa? Akwai wanda bai kwanta ba?