Wai ofiyom ne ya jawo yaƙin Ingila da Sin, ko girman kai?

Ɗan Auta: Salam jama'a. Jiya lakcara ɗinmu ya ce wai yaƙin da Ingila ta kai wa ƙasar Sin a 1840 sunan ofiyom (wata ƙwaya mai sa maye) kawai aka laƙaba masa, asalin rigimar ita ce Sinawa sun toshe kasuwa kuma sun raina Turawa. Ni dai maganar bata zauna min ba, Malam me kuka gani?

Baban Walid: Lakcaran naku yana da gaskiya. Tun 1757 sarkin Sin ya ce Bature bazai yi ciniki ko'ina ba sai a Kanton, kuma sai ta hannun wasu dillalai ƙalilan da gwamnati ta yarda dasu. A 1793 Ingila ta tura jakadanta Macartney ya nemi a sassauta, aka tsaya ana ja-in-ja kan sai ya sa goshi a ƙasa gaban sarki, ya koma hannu rabbana. Sannan a 1839 kwamishina Lin Zexu ya kulle Turawa a unguwarsu wajen sati shida har da wakilin sarauniya Charles Elliot, toh wace ƙasa ce za'a tsare mata wakili tayi shiru?

Malam: Baban Walid, duk abinda ka faɗa ya faru. Amma shekara 46 tsakanin korar Macartney da 1839, me yasa ba'a ɗauko jiragen yaƙi ba sai da aka taɓa kaya? Lin ya ƙwace akwati sama da 20,000 na ofiyom, wannan shine ya tada hankalin Landan.

Na Kwari: Malam ni fa naje wajen da idona. Kanton ɗin nan itace Guangzhou da muke zuwa saro kaya, Humen kuma inda aka lalata ofiyom ɗin yanzu kasuwar tufafi ce. Wani abokin cinikina ya kaini gidan tarihin, ramuka ne manya kamar kududdufi, ba ƙonawa akayi ba ashe, ruwa aka tara aka zuba gishiri da farar ƙasa ana farfasa curin ana jefawa, in ya narke a buɗe ya tafi teku. Sati uku da ɗoriya ana abu ɗaya a watan Yuni.

Hajiya Babba: Ku tsaya 'ya'yan nan, ni abinda ban gane ba me ya kai Bature sayar da ƙwaya tun farko?

Malam: Shayi ne Hajiya. Ingila ta kamu da ganyen shayi, Sinawa kuma basa son kayan Ingila sai dai a biyasu da azurfa. Sai kamfanin East India ya riƙa noma ofiyom a Bengal yana gwanjonsa a Kalkata, 'yan kasuwa su saya suyi fasa-ƙwaurinsa zuwa Sin, azurfar ta juyo. Kamfanin hannunsa fes wai shi a Indiya ya sayar.

Amma ga inda nake so Ɗan Auta ya kai wa lakcaransa. Babban dillalin ofiyom ɗin, William Jardine na Jardine Matheson, yana Landan a Satumbar 1839, ya shiga wajen ministan harkokin waje Palmerston ɗauke da taswirorin gaɓar tekun Sin, don jiragensa na sumoga sun san kowane lungu fiye da sojan ruwa. Shi ya bada shawara a toshe tashoshi, a kama tsibiri irin Chusan a riƙe, a nemi diyya, a buɗe ƙarin tashoshi. Farkon Oktoba majalisar ministoci ta amince, aka aika wa gwamnan Indiya ya haɗa runduna. Yunin 1840 jiragen yaƙi 16 da soja kusan 4,000, da yawansu 'yan Indiya, suka iso. Ina suka fara kamawa a Yuli? Chusan. Wanda aka ƙwace wa kaya shi ya zana hanyar yaƙin, kuma a 1842 Palmerston da kansa ya rubuta wasiƙa yana yaba taimakon da Jardine ya bayar.

Baban Walid: Naji, amma neman shawarar wanda yasan hanya ba laifi bane, ko kai zaka shiga daji mafarauci zaka tambaya. Kuma ka duba yarjejeniyar Nanjing ta 1842, babu inda aka halatta ofiyom. Tashoshi biyar aka buɗe, Kanton, Amoy, Fuzhou, Ningbo, Shanghai, aka bada Hon Kon. Wannan ai kasuwa ce.

Malam: Ka tsallake kuɗin. Dala miliyan 21 ta azurfa aka ɗora wa Sin, miliyan 6 a ciki kuɗin ofiyom ɗin da aka narkar ne. Kuma ga tarkon, Elliot ne ya ce wa dillalan su miƙa masa kayan gwamnati zata biyasu, nan take kayan sumoga ya zama kayan sarauniya, baitulmali kuwa ba mai niyyar biya, sai a karɓo daga Sinawa.

Baban Walid: Wannan na Elliot na yarda, yayi ɓarna. Amma har yanzu ina kan bakana, ko babu ofiyom sai anyi wannan karon.

Hajiya Babba: Su Turawan ba wanda yaji kunya?

Malam: Akwai. Afrilun 1840 aka kaɗa ƙuri'a a majalisa kan tsine wa gwamnati, ta sha da ƙyar 271 da 262, ɗan majalisa Gladstone yana saurayi lokacin yayi kaca-kaca da yaƙin. Sai dai umarni ya riga ya tafi tun watanni.

Ɗan Auta: Malam jirgin ƙarfen nan fa da ake ta zancensa a yaƙin?

Malam: Nemesis. Na kamfanin East India ne, baya nutsewa sosai cikin ruwa shi yasa yake kutsawa rafuka ya ɓullo wa ganuwa ta baya. John Laird ya ƙera shi, ɗan'uwansa Macgregor Laird kuma shine ya shigo kogin Kwara a 1832 da ɗan jirgin ƙarfe mai suna Alburkah, albarka ɗinmu ta Hausa kenan.

Na Kwari: Ikon Allah. Baban Walid in kontena ta kwastan suka kama da tiramol zaka rakani mu ce 'yancin kasuwanci ne?

Baban Walid: Kai Na Kwari kana da jirgin yaƙi ne?