Ina zan samu littattafai kan zaman cuɗanya a Sabon Garin Kano?

'YarFagge: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin kammala digiri kan zaman ƙabilu a Sabon Gari. Jiya na wuni a wani ɗakin karatu, duk abin da na ɗauko kan bambancin al'adu sai in ga na Amurka ne ko Kanada. Ina zan dosa?

MalamNaKaduna: Wa alaikis salam, ƙanwata. Bar neman manyan kalmomi, ki nemi sunan wuri. Turawa sun kafa Sabon Gari wajajen 1913, kuma tsofaffin fayilolin Lardin Kano suna ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Daga can ki leƙa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna. Ki riƙo takardar gabatarwa daga sashenku.

HajiyaTsangaya: Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a ABU Zariya ma akwai kundayen digiri. Ni ƙarshen kundi nake fara buɗewa, in kwashe sunayen littattafan. Ki duba aikin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, can mu ne baƙin.

'YarFagge: Kai, na Ibadan bai taɓa faɗo mini ba! Na gode Hajiya. Malam, suna buɗewa ranar Asabar?